Babbar 'yata tana SS2, likitanci take so: daga ina zan fara shiri?

Maman Walid: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Babbar 'yata tana SS2 a makarantar gwamnati a nan Kano, ɓangaren kimiyya. Mahaifinsu ya rasu shekara uku ke nan, ni kuma ɗinki nake yi a gida. A sakandare na tsaya aka yi min aure, ban san yadda ake shiga jami'a ba sai abin da nake ji a bakin mutane. Jiya bayan isha'i ta zo ta zauna kusa da keken ɗinkina tana tsince min zare, can sai ta ce, "Umma, baɗi fa za mu yi JAMB, kin san nawa ake kashewa?" Na ce mata Allah zai kawo. Wallahi har aka kira assalatu idona biyu. Likitanci take so tun tana firamare. Me ya kamata in fara yi yanzu, kuma ina marasa ƙarfi irinmu suke samun tallafi?

Abban Sultan: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mai gida. Hajiya, ni a ganina kin yi saurin ɗaga hankalinki. Yarinya ko SS3 ba ta shiga ba. Ki bari ta gama, idan ta ci jarrabawa sai a san abin yi.

Malam Habibu: Amin. Abban Sultan, ka yi haƙuri zan saɓa maka. Shekarata goma sha huɗu ina koyarwa a sakandare, shida daga ciki ni ne mai kula da rajistar jarrabawa. Yaran da na gani sun rasa gurbi saboda kuskuren takarda sun fi ba ni tausayi a kan waɗanda suka faɗi, domin su sun ci, abin da bai kai ya kawo ba ne ya tare su. Hajiya, kin zo a daidai lokaci.

Abu na farko ba kuɗi ba ne. Ki ɗauko takardar haihuwarta, da katin NIN ɗinta idan tana da shi, da takardar gama firamare da ta JSS3, ki shimfiɗa su a kan tabarma ki duba harafi bayan harafi. Sunanta, sunan mahaifinta, ranar haihuwa. Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da NIN, kuma abin da ke cikin NIN shi JAMB take kwasowa kai tsaye. Idan NIN ya ce Aisha, makaranta ta rubuta Aishatu a WAEC, ko can an sa watan Maris nan an sa watan Mayu, to kin sayi wahala. Gyara yanzu abu ne mai sauƙi tunda ba a tura sunanta WAEC da NECO ba. Bayan an buga satifiket kuwa, sai rantsuwar kotu da zirga-zirga.

Na biyu, ki saya mata layin waya nata na kanta. Da shi za ta tura NIN zuwa 55019 ko 66019 a ba ta lambar da za ta yi rajista da ita, kuma layin nan zai bi ta har ta gama jami'a. Kada a yi da layin maƙwabci ko na mai shagon kwamfuta.

Hajiya Ladi: Malam Habibu ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Maman Walid, ki ji abin da ya same ni. Ɗana na biyu, lokacin rajistarsa ina jinyar mahaifiyata a asibiti, sai na ba wani yaro mai shagon kwamfuta a unguwarmu kuɗi na ce ya taimaka ya raka shi. Ashe da layinsa ya tura saƙon, imel ma shi ya buɗe, shi kaɗai ya san lambar sirrin. Ɗana ya ci 241. Muka zauna jiran suna ya fito, wata ɗaya, wata biyu, shiru. Da muka je neman mai shagon aka ce ya tashi ya koma garinsu, layin kuma a kashe. Sai da wani malami ya taimaka muka samu shiga shafin yaron, muka tarar ashe ko sakamakon NECO ɗinsa ba a ɗora ba. Jami'a ba ta ma gan shi ba balle ta ɗauke shi. Shekara guda ya yi a gida yana kallon abokansa da ba su kai shi maki ba suna tafiya. Ranar da muka gano, a bakin titi ya tsuguna ya rufe fuskarsa da hula. Har yau idan na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

Malam Habibu: Allah ya kiyaye gaba, Hajiya. Wannan shi ne ya fi cin yaranmu. Yawancin 'yan SS3 suna yin JAMB a wajen Afrilu, kafin WAEC ta Mayu da Yuni da NECO ta Yuni da Yuli, wato suna rajista ne da jiran sakamako. Idan ya fito dole a koma cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora shi. Ba ya hawa da kansa. Kuma rajistar ma a irin waɗannan cibiyoyi kaɗai ake yin ta, mai shago a lungu ba shi da hurumi.

Maman Walid: Innalillahi. Na gode ƙwarai. NIN ɗin an yi mata a makaranta suna JSS, ban taɓa dubawa ba. To Malam, maki nawa ake so ta ci kafin a ba ta likitanci? Na ji a rediyo an ce 150.

Malama Rabi: Ƙanwata, bari in shigo nan, ni a jami'ar tarayya nake koyarwa kuma na zauna a kwamitin ɗaukar ɗalibai na tsangayarmu. Wancan 150 da kika ji shi ne mafi ƙarancin makin da aka tsayar wa jami'o'i a 2025, ma'ana ƙasa da shi ba wadda za ta ɗauki ɗalibi. Ba shi ne makin samun gurbi ba. Kowace jami'a tana da nata, kowane kwas kuma da nasa. JAMB maki 400 ce, darussa huɗu, Turanci dole. Mai son likitanci zai haɗa da Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. A 2025 sama da yara miliyan 1.5 cikin kusan miliyan 2 da suka zauna ba su kai 200 ba. Duk da haka waɗanda suka haura 250 suna neman likitanci sun ninka kujerun da ake da su, saboda majalisar likitoci ta ƙasa ita ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, ba ta isa ta wuce ba.

A jami'o'in tarayya rabon gurbi kashi uku ne. Kashi 45 cikin ɗari na cancanta zalla, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko, kuma Kano, Jigawa, Katsina, Zamfara, Sakkwato, Yobe duk suna ciki. Wannan yana taimakon yaranmu, amma sai an san da shi wajen zaɓe. Kowa BUK da ABU yake cikewa a zaɓin farko. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, ga ta Gusau da ta Birnin Kebbi da ta Gashuwa na 2013, ga jami'o'in jihohi. Ba duka ke da kowane kwas ba, sai a duba kundin JAMB a ga wacce take da abin da ake so da kuma sharuɗɗanta.

Sannan kiredit biyar a WAEC ko NECO. Jami'o'i da yawa a likitanci suna son a samu biyar ɗin a zama ɗaya, ba haɗa WAEC da NECO ba. To kin ga aikin na SS2 ne, ba na wata uku kafin jarrabawa ba.

Anti Hauwa: Ni zan faɗi abin da wasu ba za su so ba. Maman Walid, likitanci shekara shida ne idan babu yajin aiki, ga littattafai, ga kayan aiki, ga zaman asibiti da ba ya barin ɗalibi ya yi wata sana'a. Ke kaɗai ce, akwai ƙanne. Ni ma'aikaciyar jinya ce, da albashina na ɗauki nauyin ƙannena uku. Me zai hana ta nemi kwalejin jinya ko ungozoma, ta fito da wuri ta fara tallafa miki? Wanda bai samu kan kara ba, ai ya ɗauki na ƙasa.

Malama Rabi: Anti Hauwa, maganarki akwai gaskiya a ciki, amma ban yarda a yanke wa yarinya hukunci tun kafin ta gwada ba. Da ɗa namiji ne da wuya a ce masa ya rage buri don ya fito da wuri. Asibitocinmu mata nawa suke dawowa gida ba a duba su ba saboda mazajensu sun ce sai likita mace? A bar ta ta nema. Abin da zan ce kawai, a zauna da ita tun yanzu a tsara zaɓi na biyu da zuciya ɗaya, ko jinya, ko haɗa magunguna, ko gwaje-gwajen asibiti. Idan sakamako ya fito maki bai kai ba, akwai damar canza kwas ko makaranta, a yi da wuri. Abin da ke kashe yara shi ne a kafe a kan kwas ɗaya shekara uku ana maimaita JAMB.

Anti Hauwa: Ban ce don mace ce ba, Malama. Don aljihun uwarta na faɗa. Kuma jinyar ma yanzu ba a shiga da wasa, ku tambayi masu nema. Amma na yarda a bar ta ta gwada.

Malam Habibu: Kafin a wuce: Hajiya, tunda makarantar gwamnatin Kano take, akwai jarrabawar tantancewa da ake yi wa 'yan SS2, wadda da ita gwamnatin jiha take zaɓar waɗanda za ta biya wa kuɗin NECO. Yara da yawa suna ɗaukarta wasa. A gare ki wannan ce sikolashif ta farko. Ki je makarantar da kanki ki ga malamin ajinsu, ki tambayi lokacin da sharaɗin bana.

Maman Walid: Ta faɗa min zancen jarrabawar amma ban san tana da wannan nauyin ba. Zan je. To batun kuɗin jami'ar fa? Shi ne ya fi hana ni barci.

Usman Ɗan Aji Uku: Umma, barka da dare. Ni ɗalibi ne, aji uku a injiniyanci, kuma da bashin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai bashin karatu, nake karatu, bari in faɗi yadda yake. An sa hannu a dokar bashin a Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayu na shekarar. Na makarantun gwamnati ne, tarayya da jiha: jami'a, foliteknik, kwalejin ilimi. Kuɗin makaranta kai tsaye suke tura wa makarantar, ba ya biyowa ta hannunka. Idan ka nemi na ɗawainiya, naira 20,000 ne a wata zuwa asusunka. Babu ruwa a kai, ba a neman mai tsaya maka. Ana fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, kashi 10 cikin ɗari na albashi. Abin da ake nema: lambar JAMB, NIN, BVN, da shaidar cewa kai ɗalibin makarantar ne.

Amma ga inda mutane ba sa lura. Sai ka zama ɗalibi tukuna, makarantarka ta tura sunanka, sannan za ka iya nema. Duk abin da ke kafin nan daga gida zai fito: fom ɗin JAMB, tantancewar jami'a, kuɗin mota zuwa can, kuɗin karɓar gurbi, gwajin asibiti, hoto da kwafin takardu, ɗakin kwana, katifa, risho, buhun garin kwaki. Ni mahaifina sai da ya sayar da buhu huɗu na masara a lokacin da ba ta da daraja kafin na shiga aji ɗaya. Don haka, Umma, ki yi tanadin zangon farko kamar babu NELFUND. Kuma a buɗe mata asusun banki da sunan da ya yi daidai da NIN.

Alhaji Tanko: Ni fa wannan bashin bai kwanta min ba. Marainiya, ba ta fara neman na kanta ba a ɗora mata bashi a wuya? Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba a neman sa da gangan. Idan ta gama ba aiki fa? Idan ta yi aure mijin ya ce ba za ta fita ba? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman tsari daga bashi a cikin sallarsa. Ina dangin mahaifinta? Baffanninta su ne ya kamata a fara tunkara.

Ustaz Nura: Alhaji, hadisin da ka kawo ingantacce ne, kuma gargaɗi ne da ya kamata a riƙe. Sai dai bashi ba haramun ba ne. Ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan yadda ake rubuta bashi ta sauka. Abin da aka hana shi ne riba, wato kuɗin ruwa. Idan abin da aka ba ka shi za ka mayar ba ƙari, kuma da niyyar biya ka karɓa, ban ga laifi ba. Sharaɗina ɗaya: yarinyar ta san bashi ne ba kyauta ba. Ina jin samari suna cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa, ba wanda zai biya. Wannan niyyar ita ce abin tsoro, domin kuɗin da ka mayar da shi za a ba na bayanka.

Amma maganarka ta baffanni na goyi baya ɗari bisa ɗari. Kula da maraya haƙƙi ne a kansu.

Alhaji Tanko: Na ji, Ustaz. Ni dai in da hali gara a kauce masa. A sa shi a ƙarshen layi, bayan an gwada dangi da hukumar tallafin karatu ta jiha.

Usman Ɗan Aji Uku: Baba Alhaji, da girmamawa, tallafin jiha yana da kyau kuma kowa ya cike, ana neman takardar shaidar ƙaramar hukuma da takardar gurbi. Amma shi ma sai ka shiga makaranta, kuma ba da shi ake dogara a biya rajista a kan lokaci ba. Manyan irin na MTN da na kamfanonin mai, yawancinsu sai ka yi aƙalla shekara ɗaya a jami'a sun ga sakamakonka, da yawa kuma na kimiyya, injiniyanci da likitanci ne, sai an yi jarrabawa. Wannan zai dace da ita idan ta dage tun aji ɗaya. A ajinmu akwai waɗanda da ba don bashin nan ba da sun koma gida bayan da jami'o'i suka ƙara kuɗi a 2023.

Hajiya Ladi: Haka ne, a shekarar ne ma gwamnatin Kano ta biya wa ɗalibai 'yan jiha su 7,000 kuɗin rajista a BUK. Amma irin wannan sa'a ce, ba a gina shiri a kanta. Maman Walid, ki ji dabarar da na yi wa autata bayan abin da ya faru da yayanta. Tana shiga SS2 na shiga adashe na musamman, na roƙi uwar adashe ta sa ni kwasar ƙarshe, don kada kuɗin ya zo hannuna da wuri biki ko suna ya cinye. Na kuma sayi 'yan raguna biyu bayan Babbar Salla lokacin da suke araha, na kai wa ƙanena a ƙauye, Salla ta zagayo aka sayar. Da wannan na yi mata komai na shiga. Ke mai ɗinki ce, ɗinkin azumi da na Salla biyu suna gabanki kafin ta gama. Ki ware na waɗannan ki manta da su.

Baffanni kuma kada ki je musu da "a taimaka". Ki je da takarda: kai fom ɗin JAMB, kai kuɗin ɗaki, kai katifa. Mutum ya fi saurin ɗaukar abin da ya san iyakarsa. Kuma ki faɗa musu tun bana, kada ki bari sai saura sati a rufe rajista.

Abban Sultan: To, na janye maganata ta farko. Nawa yana JSS3, ashe ni ma akwai aiki a gabana. Tambaya: wani ya ce min idan ka san mutum a ciki, ka ba da wani abu, ana samun gurbi ko maki bai kai ba. Gaskiya ne?

Malama Rabi: Abban Sultan, kada ka fara. Tun 2017 duk gurbin halal ta manhajar CAPS ta JAMB yake bi. Jami'a ta gabatar da suna, JAMB ta amince, ɗalibi ya shiga shafinsa ya danna ya karɓa, sannan ya fitar da takardar gurbi. Duk wanda ya ba ka wata takarda da ba ta bi ta nan ba, ko dai ta bogi ce, ko kuma yaro ya yi shekara huɗu ya zo tafiya bautar ƙasa a ce babu sunansa. Haka masu turo saƙo a waya wai sikolashif, a biya kuɗin fom ta asusun wani mutum. Wanda zai ba ka tallafi ba ya fara karɓar naka.

Idan maki bai kai ba akwai hanyoyi na gaskiya. Akwai IJMB da ABU take kula da ita, a yi kamar shekara guda a shiga aji biyu kai tsaye. Akwai makarantun share fage irin ta Funtuwa. Akwai NCE da difloma, su ma ana ɗorawa a kansu.

Malam Habibu: Ƙarin abu ɗaya da na manta. Tun 2015 JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, yanzu tambaya 180 ce cikin awa biyu. Na taɓa raka ɗalibaina, na ga yarinyar da take ta ɗaya a ajinmu ta fito tana kuka, minti ashirin na farko ta ɓata tana kokawa da linzamin kwamfuta, hannunta na rawa. A hutun ƙarshen SS2 ki samar mata ko sati biyu ne ta riƙa zama gaban kwamfuta tana amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanta. Idan lokacin rajista ya zo a biya mata har da jarrabawar gwaji. Kuma ki lissafa shekarunta, sai ta cika 16 ake ba da gurbi.

Maman Walid: Jama'a, Allah ya saka da alheri, ya raya muku zuri'a. Yanzu na buɗe akwatin marigayi na ɗauko takardun kamar yadda Malam ya ce. Shekarunta sun kai. Amma a takardar haihuwa sunan mahaifinta Muhammad, a NIN an rubuta Mohammed, kuma an sa sunan kakanta a tsakiya wanda babu shi a takardar JSS3. Malam Habibu, wanne zan bi, in gyara NIN ɗin ko in sa makaranta ta bi shi?

Malam Habibu: Kin gani ko. Mafi sauƙi makaranta ta bi NIN harafi da harafi, har da sunan kakan, tunda ba a yi rajistar WAEC da NECO ba tukuna. Ranar Litinin ki je da kwafin katin ki ba mai kula da jarrabawa hannu da hannu, ki ce idan an zo cike fom a kira ki ki gani kafin a tura. Ranar haihuwar fa, ta yi daidai a duka ukun?

Maman Walid: Ta yi daidai, na duba sau biyu. Litinin da safe in sha Allahu ina makarantar, daga can in wuce gidan babban baffansu. Hajiya Ladi, don Allah ki duba saƙonki, ina son in tambaye ki yadda kika yi da ragunan.